Yadda Za Ka Zaɓi Fawa-fak Da Zai Ɗauki Katin Girafik Ɗinka A Zafin Birnin Kebbi

Yawancin samarin da ke haɗa kwamfutar buga gem a Birnin Kebbi hanya ɗaya suke bi. Mutum zai yi watanni yana tara kuɗi saboda katin girafik, wato wanda ke zana hoton gem a allo, ya yi ta ciniki a waya da 'yan kasuwar Kano ko na Ikeja, a sako masa shi a mota. Daga nan sai furosesa da modabod da ram. Ɗan canjin da ya rage a aljihu shi ake miƙa wa mai shago a ce, "Oga, ba ni fawa-fak kowane iri, in dai zai tashi." Zai kuwa tashi. Windows za ta hau, YouTube zai yi, har eFootball ma a buga lafiya. Ranar da aka buɗe Warzone ko GTA V da tsakar rana a watan Afrilu, kwamfuta ta ɗauke ɗif kamar an zare filogi, sai a fara zargin mai sayar da kati.

Fawa-fak shi ne akwatin ƙarfen da ke karɓar wutar bango mai bolt 230 ya sauke ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, waɗanda kayan cikin kwamfuta ke aiki da su. Ba ya ƙara wa gem gudu ko kaɗan, shi ya sa ake raina shi. Amma shi kaɗai ne a cikin kes ɗin da in ya mutu mummunar mutuwa yake iya tafiya da kati da modabod da disk lokaci guda. A wurinmu kuma aikinsa ya ninka na wanda ke zaune a Landan: ga zafin da ke haura digiri 40 a bazara, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ke hawa da sauka, ga janareta da inbata. Don haka ka ware kuɗinsa tun ranar da ka ware na kati.

Fara da sanin abin da katinka ke ci

Kowane kati yana da adadin wat da kamfaninsa ya rubuta masa, da kuma girman fawa-fak da ya ba da shawara. Lambobi biyu ne daban, kuma ana yawan rikita su. RTX 3060 wat 170 yake ci, amma Nvidia, kamfanin da ya yi shi, ta ce a sa masa fawa-fak mai wat 550, domin ta lissafa da furosesa da sauran kaya da ɗan rara. RTX 4060 ya fi shi tsimi, 115 kawai. RTX 3070 yana cin 220, RTX 4070 yana cin 200, dukansu shawarar 650 ce. RTX 3080 da 4080 kowanne 320, shawarar 750. A ɓangaren kamfanin AMD, RX 6600 yana cin 132, RX 6700 XT 230, RX 7800 XT 263. Shi kuwa RX 580 da ya cika kasuwar kayan hannu, wanda yawancinmu da shi muka fara, wat 185 yake sha. Tsufansa da arhar kuɗinsa kan sa a ɗauka ba ya cin wuta, alhali ya fi RTX 3060 ci kuma bai kai shi aiki ba.

Sai furosesa. A nan ka yi hankali da lambar da ke jikin kwali. Core i5-12400F an rubuta masa 65, amma idan aiki ya yi nauyi yana kai wa 117. Core i7-13700K an rubuta 125, yana kai wa 253. Babbar lambar za ka ɗauka. Ryzen 5 3600 da 5600 ba su da haɗama, ka ƙiyasta musu 90 ka huta. Modabod da ram da SSD da fankoki duka ka ba su 50, ko 70 idan kes ɗinka cike yake da fitilu masu launi da tsohon hadis mai juyawa.

Mu ɗauki haɗin da ya fi yawa a hannun ɗaliban foliteknik ta Waziri Umaru da na jami'ar da ke Kalgo: Ryzen 5 5600 da RTX 3060. Kati 170, furosesa 90, saura 50, jimla 310. Ka ƙara rabin wannan a kai, ka samu 465. Sai ka ɗauki mai 550, wato daidai da abin da Nvidia ta faɗa. Idan i5-12400F ne da RX 6700 XT, jimla ta kusa 400, da rara 600, ka sayi 650. Idan kuwa Allah ya hore maka i7-13700K da RTX 4080, jimla ta haura 620, kuma ni ba zan tsaya a 750 ba, 850 zan ɗauka.

Rarar nan tana da dalili uku. Na farko, katunan zamani kan yi wata fizga ta ƙiftawar ido, su ja kusan ninki biyu na abin da aka rubuta musu na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. RTX 3080 da 3090 sun yi ƙaurin suna a wannan, har fawa-fak masu kyau ma sun sha kashe kansu a ƙarƙashinsu. Na biyu, fawa-fak ya fi aiki cikin natsuwa da ƙarancin zafi idan yana ɗauke da kusan rabin ƙarfinsa. Na uku shi ne namu na gida: zafi yana rage masa ƙarfi. Babur zai iya ɗaukar buhun shinkafa shanshera uku daga fadama sau ɗaya ya iso gida, amma wanda ke yi masa haka kullum a cikin rana ya san bakanike da suna.

Kada kuma tsoro ya kai ka ɗaya gefen. Wanda ke da RTX 4060 ya sayi fawa-fak mai wat 1000 ya zubar da kuɗin da zai ƙara ram. Sannan akwai wata fahimta da ta yaɗu, wai mai wat 750 kullum 750 yake ja daga mita. Ba haka ba ne. Abin da kwamfuta ta nema shi yake ja, da ɗan abin da ke ɓacewa a zafi. Lambar iyakar ƙarfinsa ce kawai.

Juya akwatin ka karanta takardar gefe

Wannan matakin shi ne ya fi kowanne, kuma ba ya cin minti biyu. Babbar lambar da ke gaban kwali talla ce. Gaskiyar tana cikin ɗan teburin da aka manna a gefen ƙarfen, inda za ka ga +3.3V, +5V, +12V, kowanne da lamba a ƙarƙashinsa mai harafin A, wato amfiya. Kati da furosesa dukansu daga layin +12V suke sha. Sauran layukan ƙananan kaya ne ke amfani da su. Saboda haka ka ɗauki amfiyar +12V ka ninka da 12.

Fawa-fak na ƙwarai mai wat 550 za ka tarar an rubuta masa wajen 45A a wannan layi. 45 sau 12 ya ba da 540, kusan duka ƙarfinsa ke nan. Yanzu ɗauki irin mara nauyin nan mai launin toka da ke zuwa a cikin kes mai araha, wanda aka buga wa 500W ko 650W da manyan baƙaƙe. Sau da yawa za ka ga 14A ko 18A. 18 sau 12 ya ba da 216. Wato RX 580 shi kaɗai ya kusa cinye shi kafin furosesa ya ce uffan. Sauran wat ɗin da suka cika lissafin an jibge su ne a layin 5 da 3.3, inda kwamfutar yau ba ta da buƙatarsu, in ma da gaske suna nan.

Idan ka ga +12V1 da +12V2, an raba layin gida biyu ne. Kada ka haɗa lambobin da kanka, ka nemi jimlar wat da aka rubuta a ƙarƙashinsu, domin takan gaza abin da haɗin zai ba ka. Idan ka ga kalmar Peak ko Max kusa da babbar lambar, ƙarfin 'yan daƙiƙu ake nufi, ba na zama a buga gem awa uku ba. Idan takardar ba ta da teburin gaba ɗaya, ko mai sayarwa a waya ya ƙi turo maka hotonta, magana ta ƙare.

A takardar nan dai akwai wani layi da mutanenmu suka fi kowa buƙatar dubawa, wato wutar da yake karɓa. Wani an rubuta 100-240V, wani 200-240V. A Turai bambancin ba ya damun kowa. A unguwar Badariya ko Bayan Kara, da daddare lokacin da kowa ya kunna fanka da firji wuta ta yi ƙasa har ƙwan ɗaki ya koma ja, mai 100-240V zai ci gaba da aikinsa, mai 200-240V kuwa yana iya ɗaukewa. Manyan kamfanoni ma suna yin irin na biyun don ya fi araha, kuma sukan rubuta 230V a cikin sunansa. Idan kuɗin bai yi nisa ba, ɗauki na farko.

Ka kuma leƙa bayansa, kusa da inda wayar wuta ke shiga. Idan akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230, tsohon ƙira ne, ba na ba da shawarar a sa shi a kwamfutar gem. Idan dole ta sa, to kafin ka jona shi ka tabbata 230 ne ke nunawa. Kayan da suka fito daga Amurka a kan 115 suke zuwa, kuma wanda ya jona su haka a wutarmu ƙara ɗaya zai ji, sai hayaƙi.

Tambarin 80 Plus kuwa, wanda aka fara tun 2004, magana yake a kan tsimin wuta: nawa ne daga abin da aka ja a bango ya isa kwamfuta, nawa ya zama zafi. Tambarin mataki-mataki ne: Bronze yana isar da kusan kashi 85 cikin ɗari a rabin kaya, Gold kusan 90. A aikace, idan kwamfuta na neman wat 400, mai kashi 80 zai ja 500 daga bango ya mai da 100 zafi a cikin ɗakinka. Mai kashi 90 zai ja 444, zafinsa 44. Ga mai sola da batir wannan bambancin kuɗi ne. Sai dai tambarin ba shaidar inganci ba ce, kuma masu jabu ma sun iya buga shi. Ana kuma yin gwajin ne a ɗaki mai sanyi da bai kai digiri 25 ba. Abin da ya fi shi amfani a gare mu shi ne zafin da kamfani ya ce na'urar za ta ba da cikakken ƙarfinta a ciki. Masu kyau sukan rubuta digiri 40 ko 50. Masu araha 30 ne, ko su yi shiru. Cikin kes ya fi ɗaki zafi, ɗakin kwano a Kebbi kuma ba sai an gaya maka ba.

Daga nan ka nemi jerin kariyar da ke ciki, a kwali ko a shafin kamfanin: OVP da UVP don hawa da saukar bolt, OCP da OPP don kaya sun yi yawa, SCP don wayoyi sun haɗu, OTP don zafi. Su ne ke sa fawa-fak ya kashe kansa maimakon ya ƙone. OTP ita ce masu rage kuɗi suka fi cirewa, ita ce kuma muka fi buƙata.

Wayoyi da bakunansu

Ramin da kati ke zama a modabod yana ba da wat 75. Filogi mai fin 6 yana ƙara 75, mai fin 8 yana ƙara 150. Ka dubi saman katinka ka ƙirga bakunan da ke jiki, kowanne sai an cika shi. RTX 3060 da RX 6600 galibi mai fin 8 guda ɗaya ne. RX 6700 XT yakan zo da 8 da 6, wasu 8 biyu. Ka tabbata fawa-fak ɗin yana da su daga jikinsa.

Akwai wayoyi biyu masu fin 8 da suka yi kama. Ta kati tana rabuwa 6 da 2, an rubuta PCIe ko VGA. Ta furosesa tana rabuwa 4 da 4, an rubuta CPU. Tsarin wutarsu ba ɗaya ba ne. Idan filogi ya ƙi shiga cikin sauƙi, kada ka danna da ƙarfi, ka sake dubawa.

Adaftar nan da ake sayarwa, mai ɗaukar wuta daga filogin SATA ta mai da shi fin 8, ka bar ta a shago. Filogin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka a layin 12, kai kuma kana neman 150 daga gare shi. Roba ce za ta narke, wani lokaci da wuta. Fawa-fak da ba shi da wayar kati, kamfaninsa ne ke gaya maka ba a yi shi don kati ba.

Idan katinka ya haura wat 225 kuma yana da baki biyu, ja waya biyu daban-daban daga fawa-fak, maimakon waya ɗaya mai reshe biyu. Idan kuma irin wanda ake cire wa wayoyi ne, to wayoyinsa nasa ne shi kaɗai. Wayar Corsair za ta iya shiga ramin Seasonic ko EVGA daram, amma jerin wutar da ke ciki daban, kuma SSD da hadis su ne ke fara mutuwa. Wannan ya fi faruwa da kayan hannu, inda dillali ke zuba wayoyi a leda ɗaya ya ce duk iri ɗaya ne.

Manyan katunan Nvidia daga RTX 4070 zuwa sama da yawansu suna amfani da sabon filogi mai fin 16 da ke ɗaukar har wat 600. Bayan fitowar RTX 4090 a Oktoban 2022 an yi ta samun rahoton narkewarsa, kuma Nvidia ta danganta yawancin abin da rashin tura filogin har ƙarshe. An gyara ƙirar daga baya aka kira ta 12V-2x6. Idan irin wannan kati za ka saya, nemi fawa-fak mai rubutun ATX 3.0 ko 3.1, wanda ke zuwa da wayar daga jikinsa kuma aka gina shi don jure fizgar da na ambata. Tura filogin sai ka ji ƙas, ka duba babu ko siririn fili tsakaninsa da kati, kuma kada ka lanƙwasa wayar dab da bakinta don murfin kes ya rufu.

Idan kwamfutar ofis ce ta hannu

Da yawa a nan ba daga tushe suke haɗawa ba. Dell OptiPlex ko HP ProDesk na hannu ake saye a ce za a ƙara kati. Fawa-fak ɗin waɗannan ƙanana ne, yawanci tsakanin wat 180 da 300, ba su da wayar kati, kuma sababbin cikinsu ba sa amfani da babban filogi mai fin 24 da kowa ya sani, nasu na musamman ne. Ba za ka cire ka sa na kasuwa kai tsaye ba. Hanya mafi sauƙi ita ce kati da ke wadatuwa da wutar ramin modabod: GTX 1050 Ti, GTX 1650 irin mara filogi, RX 6400, ko RTX 3050 mai 6GB da ke cin wat 70. Idan kes ɗin siriri ne sai gajeren kati. Wanda ke son abin da ya fi haka, ya sayar da ita ya haɗa sabuwa, ya fi masa arha a ƙarshe.

Sabo ko na hannu, kuma na wane kamfani

Seasonic, Corsair, Cooler Master, MSI, be quiet!, FSP, Thermaltake, duk sunaye ne da aka sani. Sai dai suna kaɗai ba ya isa, domin kusan kowannensu yana da na sama da na ƙasa, kuma da yawansu wasu masana'antu ne ke ƙera musu. A 2021 wasu samfura biyu na Gigabyte, P750GM da P850GM, sun yi ta fashewa a hannun masu gwaji har kamfanin ya buɗe ƙofar musanya. Don haka cikakken sunan samfurin za ka rubuta a intanet ka ga abin da masu gwaji da na'ura suka ce. Tsawon garanti ma alama ce. Wanda kamfani ya ba shekara 10, kamar jerin RMx na Corsair, ya yarda da kayansa. Ko da ba za ka iya mayar da shi daga Kebbi ba, lambar ta gaya maka wani abu.

A ganina, kati na hannu ba laifi, furosesa na hannu ma lafiya lau, amma fawa-fak in da hali sabo. Kafasitocin da ke cikinsa, wato 'yan gwangwanayen da ke ajiye wuta, bushewa suke da shekaru, zafi kuma yana gaggauta musu. Ga shi tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumban 2022, kayan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwa. Daga waje ba za ka gane ba.

Idan na hannun ne dai aljihu ya kai, ka sa hanci a ragar bayansa, ƙauri ba ya ɓuya. Duba ko an taɓa kwance sukurorinsa. Ɗaga shi ka ji, na ƙwarai yana da nauyi, kodayake nauyi kaɗai ba hujja ba ne. Masu gyara kan haɗa koriyar waya da baƙa a babban filogi da ɗan ƙarfe su nuna maka fanka na juyawa. Wannan yana nuna bai mutu ba ne kawai, bai nuna zai ɗauki kati ba. Ka ce a sa mita a wayar rawaya da baƙa: ya kamata ta nuna tsakanin 11.4 da 12.6. Kuma ka yi sharaɗi a fili kafin kuɗi su fita: "Alhaji, zan gwada shi da katina kwana uku, in ya kashe zan dawo da shi." Idan ta mota za a sako, ka sa ya rubuta maka hakan a saƙo. Kai kuma kada ka buɗe cikinsa da sunan dubawa. Babban kafasitan da ke ciki yana riƙe kusan bolt 400, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare waya.

Abin da ke bayan soket

Ka sayi fawa-fak mafi kyau a duniya, in abin da ke ciyar da shi bai dace ba aikin banza ne. Mu koma kan haɗin nan mai wat 310. Da abin da ke ɓacewa a zafi zai ja kusan 365 daga bango, ka ƙara allo, ka ce 400. Ƙaramin UPS (akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) mai 650VA da ke kowane shagon kwafi ba zai riƙe wannan ba, domin VA ba wat ba ce, kuma irinsa bai cika wuce wat 390 ba. An ɗauke wuta kana tsakiyar gem, zai yi kuka ɗaya ya mutu tare da kwamfutar. Ka nemi lambar wat a jikinsa, ta haura abin da kake ja da rara. Ga wannan haɗin, daga 1000VA mai wat 600 zuwa sama.

Sai irin wutar da inbata ko UPS ke fitarwa. Fawa-fak na zamani sun fi jituwa da wadda aka rubuta wa Pure Sine Wave. Masu araha da ke fitar da wuta mai tsalle-tsalle kan sa wasu su yi ƙugi, wasu su ɗauke daidai lokacin da aka koma batir. Ka kuma yi lissafin batirinka da gaskiya. Mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, amma in na ruwa ne rabi ya kamata ka ci in kana son ya daɗe. Da wat 400, bai kai awa uku ba, kuma fankar ɗaki ba ta shiga lissafin ba. Dabara ɗaya da ke taimakawa: ka kulle gem a firem 60, wato hoto 60 a daƙiƙa, idan allonka 60 ne, ko ka sauke iyakar wutar kati zuwa kashi 80 a manhajar MSI Afterburner. Abin da za ka rasa a gudu kaɗan ne, batir da ɗaki kuma za su sarara.

Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ba na kwamfutar gem ba ne. Wutarsa rawa take duk lokacin da kati ya fizga. Babba mai AVR, wato na'urar daidaita bolt, ya fi, kuma a bar shi ya daidaita kafin a kunna kwamfuta. Kada a juya canji-oba tana kunne sai in akwai UPS a tsakani, kuma kada a haɗa ta layi ɗaya da firiza ko injin jan ruwa, domin tashinsu na jan wuta ƙasa.

Wutar da ta yi ƙasa tana kashe kwamfuta ne, wadda ta yi sama ita ke ƙona ta. Idan wayar nutural ta tsinke a layin unguwa, abin da ke shigowa gida yana iya doshin bolt 400, ranar da za ka ji maƙwabta na lissafin talabijin da caja da suka tafi. Babu fawa-fak da aka yi don wannan. Ɗan akwatin kariya irin wanda ake sa wa firji, mai yanke wuta in ta wuce iyaka ya kuma jira kafin ya dawo da ita, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na katinka ba. Da damina kuma, hadari ya taso daga gabas ana walƙiya, ka zare filogi daga bango gaba ɗaya, kashe makunni bai wadatar ba. Idan kana jin kes na ɗan cizonka in ka taɓa shi ba takalmi, soket ɗin ba shi da wayar ƙasa. Gidajen haya da yawa haka suke. Kira mai wayarin ya kafa maka ita, ba laifin fawa-fak ba ne.

Ɗaurawa da gwaji

Kafin ka biya, auna wurin zamansa a kes. Na yau da kullum faɗinsa milimita 150, tsayinsa 86, tsawonsa daga 140, manya sukan fi haka tsawo. Idan kes ɗin yana da raga a ƙasa, fankar ta kalli ƙasa don ta sha iskar waje, amma fa kada ka ajiye kes a kan kafet ko katifa. Ɗora shi a tebur ko katako, nesa da ƙasa inda ƙura ke kwanciya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ragar nan toshewa take cikin 'yan makonni. Zare ta ka kakkaɓe, ka hura fawa-fak ɗin daga waje da abin hura iska, ka tokare fankar da tsinke don kada ta yi ta juyawa a banza. Wasu sababbi fankarsu ba ta juyawa sai kaya sun yi nauyi, ba lalacewa ba ce. Idan akwai maɓallin da ke sa ta juya kullum, a garin nan ka bar ta tana juyawa.

Gwajin gaskiya da rana ake yinsa, wajen ƙarfe biyu zuwa uku, ba da asuba ba. Rufe murfin kes yadda za ka riƙa amfani da ita, ka kunna manhajar gwaji ta OCCT ko FurMark na rabin awa, sannan ka buga gem mafi nauyi da kake da shi na awa ɗaya. Idan gem ya rufe kansa ya dawo da kai Windows, ko hoto ya yi zane-zane, wannan ya fi kama da matsalar kati ko direba ko ram. Idan kuwa kwamfutar ta ɗauke gaba ɗaya ba gargaɗi, ko ta sake tashi da kanta daidai lokacin da wasa ya yi zafi, duba zafin furosesa da na kati tukuna. In suna ƙasa da digiri 85 kuma wutar ɗaki ba ta motsa ba, sake tura kowane filogi har ƙarshe ka maimaita. Ta sake yi, cire fawa-fak ɗin ka mayar wa mai shi tun kwanakin sharaɗinku ba su cika ba, kuma kada ka ci gaba da kunna ta da shi kafin nan.